Zazzaɓin allura ba abin ɓoyewa ba ne

A watan Maris na 2021 aka soma allurar rigakafin cutar korona a Yamai, da maganin Sinopharm na ƙasar Sin. Daga baya na AstraZeneca ya iso. Allura ta samu, amma jama'a da yawa suka noƙe. An ɗora laifi ga masu baza jita-jita, wai allurar tana hana haifuwa. Wannan ƙarya ce, amma laifin bai tsaya gare su ba.

Allurar takan kawo ciwon dantse, da ciwon kai, da zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu: jiki ne ke koyon yaƙi da cutar. Manomin da aka ce masa "babu komi", in ya kwana da masassara, ran kasuwa shi ne mai shela, kuma maganarsa ta fi ta rediyo nauyi a ƙauye. Ko daskarewar jini da aka gani a Turai ga mutane ƙalilan bayan allurar AstraZeneca, gara talaka ya ji ta daga bakin hukuma.

Wajibi ne ma'aikacin lafiya, kafin ya soka allura, ya faɗa wa mutum abin da zai ji, da kwanakin da zai yi, da alamar da za ta sa ya komo likita ba da jinkiri ba.