Darasin Harvey Haddix Ga Masu Riƙe Da Alƙaluma

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, yawancinmu ba mu taɓa kallon wasan besbol ba. Duk da haka akwai wani wasa guda da aka yi a Amurka wanda ya kamata duk mai shirin riƙe fayil a ofis ya san labarinsa.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Mai jifa yana wurga ƙwallo, abokin hamayya yana ƙoƙarin dukanta da kulki. In ya dace, sai ya ruga ya bi tashoshi huɗu, wanda ya kewaye su duka ya ci maki ɗaya. In an fitar da mutum uku, sai ɓangarorin su yi musayar aiki. Zagaye tara ake yi, in an yi kunnen doki a ƙara.

Ran 26 ga Mayu, 1959, ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta je birnin Milwaukee karawa da Braves, zakarun rukuninsu na 1957 da 1958. Mai jifan Pirates, Harvey Haddix, ya fitar da mutum 36 a jere, watau zagaye 12 cur ba wanda ya taka ko tashar farko. Ba a taɓa yin irin wannan ba a manyan wasannin ƙasar, kafinsa ko bayansa. Abokan wasansa kuwa sau 12 suna samun bugu mai kyau daga jifan Lew Burdette, amma ko maki ɗaya ba su ci ba.

A zagaye na 13 sai Don Hoak na Pirates ya yi kuskuren jifa, Felix Mantilla ya sami tashar farko. Can sai Joe Adcock ya doki ƙwallo ta tsallake shinge, Mantilla ya ƙarasa gida. Wannan shi ne bugu ɗaya tak da aka samu daga Haddix a daren nan, aka kuwa rubuta sakamako 1 da 0, Haddix shi ne wanda aka kayar. A 1991 ma wani kwamiti ya sake ƙa'ida, aka cire wasan daga jerin waɗanda mai jifa ya hana bugu ɗungum.

To, a ganinmu littafin bai yi ƙarya ba. Braves ta ci, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Laifin yana wuyan mai karatun da zai duba layin ƙarshe kaɗai ya yanke hukunci. Wanda ya karanta teburin duka zai ga inda gazawar take, watau wurin masu bugu 12 da ba su amfana kome ba.

Mu ne za mu zauna kan sakamakon jarrabawa, da rahoton shekara na ƙananan ma'aikata, da lissafin ayyuka. Sau nawa za a kawo mana takardar da ta ce wane ya kasa, alhali kuwa shi ne ya ɗauki nauyin kowa? Kafin mu sa hannu, wajibi ne mu buɗe shafukan ciki, mu tambayi wa ya yi me, wa kuma ya yi kuskuren.

Shi Haddix ya yi sa'a, domin a 1960 shi aka rubuta wa nasarar wasan ƙarshe da ya ba Pirates kambin World Series. Ƙaramin akawu ba lalle ya sami irin wannan rana ba. Allah Ya sa mu yi adalci.