Yayi Ya Cinye Jarin 'Ya'yanmu

Ya ku jama'ar zangonnin Gana, tun daga Nima da Mamobi da Sabon Zango na Akara har zuwa Aboabo da Asawase na Kumasi. Yau za mu taɓo maganar da kowa ke yi a ɗaka, amma da an fito tsakar gida sai a yi gum. Mun san akwai waɗanda za su ji haushi, daga cikinsu har da iyayenmu mata da muke girmamawa. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganar ita ce ta yayi, wato tufafin bai ɗaya da ake fitarwa a kowane aure da suna, da duk ɗawainiyar da ke biye da shi, da yadda ya zame wa matasanmu haraji a daidai shekarun da ya kamata su kafa ƙafafunsu.

Mu fara da wata 'yarmu. Ta gama karatu, ta yi shekararta ta bautar ƙasa, Allah ya taimake ta ta sami ɗan aiki a wani ofis. Mahaifinta tsohon direba ne da ƙarfi ya fara ƙarewa, mahaifiyarta kuwa koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi tun asuba. A cikin wata guda aka kawo mata yayi uku: na auren 'yar gwaggonta, na sunan ɗan ƙawarta, da na walimar wata maƙwabciya da ta dawo daga aikin Hajji. Kowanne da kuɗin yadinsa, da ladan tela, da mayafin da zai dace da shi, da gudummawa, da abin liƙi, da kuɗin mota. Albashi ya ƙare tun kafin tsakiyar wata, ta ci bashi ta waya ta cike. Ana cikin haka ƙaninta ya sami gurbi a sakandaren kwana. Ko da yake tun 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta, katifa da akwati da kayan masarufi suna wuyan gida. Uwa ta dubi 'yarta, 'ya ta sunkuyar da kai. A ɗakinta akwai tulin tufafi masu tsada waɗanda sau ɗaya tak aka sa kowannensu, amma ba ta da abin da za ta saya wa ɗan uwanta katifa. Ba mu ambaci sunanta ba, domin kowace unguwa tana da irinta, wataƙila ma a gidanku take.

Samari ma ba su tsira ba. Saurayin da ke koyon gyaran mota a Suame, ko mai ɗan teburinsa na sayar da kayan waya a Kejetiya, shi ma abokan ango sun fitar masa da shadda, kuma idan bai ɗinka ba an ce ba ya kara. Ranar da nasa auren ya taso, ga lefe mai akwatuna jere, ga sadaki, ga hayar rumfa da kujeru, ga mai kiɗa, ga mai ɗaukar hoto. Bayan wannan duka ga mai gidan haya yana jiran kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa gaba. Shi ya sa muke ganin samari sun haura talatin suna kwana a shago ko a zauren gidan ubansu, 'yan mata kuma suna jira har a fara yi musu habaici. Mu ne muka tsawwala farashin, mu ne kuma muke zama a majalisa muna cewa yaran yanzu ba sa son aure.

Da ka ta da wannan magana, amsar farko da za a ba ka ita ce, “Ai al'adarmu ce.” To, mu tsaya a nan, domin wannan kalma ta daɗe tana rufe bakin masu gaskiya. Kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja fataucin goro, suka sauke kaya a Salaga, suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku bayan yaƙin Salaga na 1892, ba su zo da yayi a cikin mangalarsu ba. Ɗinka tufafi iri ɗaya domin biki al'ada ce da aka fi sanin Yarabawa da ita, ta bi biranen bakin teku ta yaɗu, mu ma muka ɗauka, kamar yadda 'yan uwanmu na Kano da Zariya suka ɗauka suna kiranta anko. Aro ba laifi ba ne, zama da mutane ya gaji haka, mu ma an ari tuwon zafi da wake da koko a wurinmu har sun zama abincin ƙasa. Amma abin da aka aro ana iya mayar da shi idan ya fara cutarwa, kuma bai kamata a jingina wa kakanni abin da ba su san shi ba.

Abin da suka bar mana shi ne gudummawa. Ma'anarta a fili take: mai hidima yana cikin nauyi, sai dangi da maƙwabta su kawo ɗauki, wannan da kwanon shinkafa, wancan da itace, wata da hannunta a madafa. Amarya ta tare da tukwane da tabarmi da gara, abin da zai riƙe sabon gida har ya tsaya. Dukiya tana gangarowa ne daga jama'a zuwa ga ma'auratan. Haka aka gina zango tun asali: baƙo ya sauka, mai masauki ya ba shi ɗaki da abinci har ya sami abin yi. Da wannan hali ne Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, kuma da shi ne gidaje da yawa suka tsallake baƙin cikin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, maƙwabta suka riƙe wa maƙwabta gidaje da 'ya'ya. Yanzu dubi inda kuɗin bikinmu ke tafiya. Yana fita daga aljihun matasa ya shiga na dillalin yadi da mai hayar rumfa, amarya da ango kuma su wayi gari da bashi da hotuna.

Hujja ta biyu da ake kawowa ita ce yayi yana daidaita mai kuɗi da talaka, tunda kowa iri ɗaya ya sa. Wanda ya taɓa zuwa bikin zango a 'yan shekarun nan ya san ba haka abin yake ba. An raba yayin kansa gida-gida: na dangin uwa dabam, na dangin uba dabam, na ƙawaye dabam, na manyan hajiyoyi kuwa leshi ne wanda talaka ko farashinsa ba ta tambaya. Wadda ba ta ɗinka ba takan zauna can baya, a wasu wuraren ma abinci da kyautar biki su wuce ta kamar ba a gan ta ba. Mun san gwaggo da ta ƙi zuwa auren 'yar ƙanenta, ta ce jiki ne ba daɗi, alhali kunyar tsohon zanenta ce ta kwantar da ita. Tufafin da ke hana gwaggo halartar bikin ɗiyarta ya raba zumunci, ko da an kira shi haɗin kai.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Ana cewa teloli da masu sayar da yadi da masu ƙunshi da masu girki 'ya'yanmu ne, da bikin suke ci, kuma uwar amarya takan ɗora 'yar riba a kan yadin domin ta rage wa kanta hidima. Gaskiya ne. Amma telan da ya kwana uku bai runtsa ba saboda ɗinkin yayi, shi ma ranar Lahadi mai zuwa zai mayar da abin da ya samu a yayin wani. Kuɗin yana zagayawa ne a tsakaninmu yana raguwa, domin kaso mafi tsoka ya tafi wurin masu shigo da yadin. Ita kuwa uwar amarya, in taimako take nema, ta faɗa a fili, za a ba ta da daɗin rai kuma duk abin da aka bayar zai shiga hannunta. Ɓoye roƙo a cikin farashin yadi yana sa mutum ya kashe goma domin biyu su isa gare ta.

Akwai kuma masu cewa mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, in muka fito cikin shiga ɗaya sai a san muna da yawa, a ga kwarjininmu. Mun fahimci wannan ƙishi, domin mun daɗe ana yi wa zango kallon raini. Amma maƙwabtanmu ba za su auna mu da ƙyallin leshin ranar Lahadi ba. Suna ganin magudanun unguwanninmu ranar Litinin, suna ganin yawan 'ya'yanmu a jami'a da asibiti da kotu. A 2017 aka kafa asusun raya zangonni, muka yi murna, muna ta kiran gwamnati ta cika alkawari, kuma haƙƙinmu ne mu kira. Sai dai wanda ke neman a agaza masa, ya kamata a ga yana tattalin abin hannunsa. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100, gidaje suka rage cefane, amma ba mu ji unguwar da ta rage yayi ba.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Matashin da kowace Lahadinsa ta tafi a ƙarƙashin rumfar biki, yaushe zai zauna ya ci tuwo a kwano ɗaya da ƙannensa? Yaushe zai je gaida kakarsa ya ji yadda aka yi gidansu ya zo ƙasar nan? A wurin biki lasifika ce ke magana, kowa ya kafa ido a wayarsa yana gyara hoto. Hausar da muke kukan tana tsinkewa a bakin yara, a hirar tsakar gida ake koyonta, wurin tatsuniya da kacici-kacici da faɗan kaka. Kuɗin yayi ɗaya ya isa yayan gida ya kwashi ƙannensa bayan Salla ya kai su lambun Aburi, ko bakin tafkin Bosomtwe, ko bakin teku a Labadi, su ci abin da suka dafo daga gida su dawo da labari. Na yayi biyu ko uku zai kai su Salaga su ga rijiyoyin garin da kasuwar da kakanninsu suka yi ciniki. Yaro ba ya manta irin wannan fita har ya tsufa, amma tambaye shi launin yayin bara ka ji ko zai tuna.

Ba muna kira a kashe biki ba ne. Al'ummar da ba ta taruwa ta yi farin ciki ta kama hanyar watsewa, kuma addininmu ya kwaɗaitar da walima gwargwadon hali. Abin da muke nema mai sauƙi ne. A taƙaita yayi ga 'yan gida na kusa, guda ɗaya tak, a kan farashin kasuwa. A rubuta a jikin katin gayyata da saƙon WhatsApp cewa kowa ya zo da abin da yake da shi. Kada a sake hana wani abinci ko kujera saboda tufafinsa. Ƙawayen amarya su haɗa abin da za su kashe a yadi su saya mata keken ɗinki ko firji ko su biya mata wani abu na karatu. Abokan ango su tara nasu a kuɗin haya. Ƙungiyoyin adashe su ware kaso na jari wanda ba a taɓa shi domin biki. Kowane gida kuma ya keɓe Lahadi ɗaya a wata wadda ba a zuwa ko'ina sai wurin dangi.

Wannan gyara ba zai yiwu daga matasa kaɗai ba, domin yarinyar da ta ce ba za ta ɗinka ba ita kaɗai, rowa da girman kai za a kira ta da su. Dole a fara daga sama. Sarakunan zango su zauna da masu unguwanni a yi matsaya. Limamai su faɗa a kan mumbari, su maimaita a wurin ɗaurin aure. Magajiyoyi da shugabannin ƙungiyoyin mata, ku ne masu riƙe da wuƙa da nama a wannan harka, in kuka ce a daina, an daina. Masu hali kuma su fara da 'ya'yansu, domin ranar da Alhaji mai motoci ya aurar da 'yarsa ba yayi, talaka ya sami mafaka, ba wanda zai ce masa rashi ne.

Ku kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu, ku koyi cewa “ba ni da hali a wannan karon” cikin ladabi, ba tare da sunkuyar da kai ba. Ku je bikin da tsohuwar rigarku a wanke a goge, ku kama aiki a madafa, ku yi wa ma'aurata addu'a. Zumunta a ƙafa take. Duk wanda ya yanke hulɗa da ku saboda yadi shida, da ma can ba ku yake so ba.

Iyayenmu mata, mun san da kyakkyawar niyya kuke yi, kuna son a ce bikin 'yarku ya yi armashi. Muna roƙonku, kafin a tafi Makola ko Kejetiya zaɓen yadi na gaba, ku kira 'yar da za a tura wa saƙon ku tambaye ta nawa ya rage a hannunta, kuma nawa ake bin ta. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a aurarrakinmu, ya ba mu ikon gyarawa.