Mu Koya Wa 'Ya'yanmu Son Waƙa

A wannan mako muna jawo hankalin iyaye game da waƙa. Waɗansu suna zaton duk waƙa shashanci ce, alhali kuwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan sa wa Hassanu ɗan Sabitu mumbari a masallaci, ya kare Musulunci da baitoci.

Magabatanmu da waƙa suka tsare ilmi. Ibnu Malik ya tattara nahawu cikin baiti wajen 1,000, watau Alfiyya. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan ƙauyuka ta hannun 'Yan Taru.

Kunnen yaro ba ya zama wofi, in ba mu cika shi da alheri ba, titi zai cika shi da wani abu. To, bayan sallar magariba, uba ya tara yara, ya rera musu baiti biyu rak na Ishiriniya ko Imfiraji, ya bayyana ma'ana, su maimaita. Kada a haɗa da bulala, gama abin da aka cusa da duka ba a ƙaunarsa.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.