Binciken Lesa A ATBU Bauchi: A Sayi Kayan Aiki Kafin A Ƙara Gini

A shekarar 1980 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a Bauchi. A 1984 aka mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan a 1988 ta sake cin gashin kanta da sunan Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Manufar kafa ta ita ce samar da masu ƙirƙira, kuma da wannan ma'auni ya kamata jami'an da ke tsara kasafin ilimi a Abuja su riƙa auna abin da suke ware mata. Wani fanni da ya dace da ƙarfin aljihunta shi ne binciken kiristal na sinadaran kabon, waɗanda ke ƙara wa haske ƙarfi har ya zama lesa.

Lesa haske ne mai launi ɗaya da ke tafiya a tsuke, ba ya bazuwa. Shi ke ɗaukar saƙonni cikin wayoyin gilashi na intanet, da shi ake aikin ido, da shi ake karanta lambar kaya a kantuna. Theodore Maiman ya ƙera na farko a Amurka a 1960 da dutsen yakutu. Kiristal kuwa abu ne da ƙwayoyinsa suka jeru bisa tsari, kamar gishiri ko sukari.

Irin kiristal ɗin da masana'antu suka saba da shi yana buƙatar murhu mai tsananin zafi da na'urori masu tsada. Na kabon kuwa ana iya narkar da sinadarinsa a ruwa ko wani abin narkarwa, a bar shi ya tsane sannu a hankali har ya ƙanƙare. Masanin sinadarai na iya sauya launin hasken da zai fitar ta hanyar sauya ginin ƙwayoyinsa. Hatta yuriya, wadda kamfanonin Dangote da Indorama ke sarrafawa a matsayin taki, an daɗe ana amfani da tataccen kiristal ɗinta wajen sauya launin hasken lesa.

Fannin bai gama nuna ba. Lesar sinadaran kabon ta daɗe tana dogaro da wata lesar domin ta kunnu, domin wutar lantarki mai yawa na lalata sinadarin. Sai a 2023 masana a Jami'ar St Andrews ta Sikotilan suka sanar da wadda ke aiki da lantarki ta hanyar haɗa ta da fitilar OLED. Ke nan har yanzu akwai gurbin da sabon shiga zai taka rawa.

Wasu za su ce ƙasar da ke fama da tsadar abinci ba ta da lokacin lesa. Damuwar tana da tushe, kuma babu mai hankalin da zai yi alkawarin masana'antar lesa a Yelwa ko Gubi baɗi. Ribar farko ita ce mutane: matasan da suka iya tace sinadari, auna haske da gyaran na'ura, irin waɗanda asibitoci da kamfanonin sadarwa ke nema. Martin Pope ya ga kiristal ɗin antarasin yana haske da lantarki a 1963. Sai a 1987 kamfanin Kodak ya samar da OLED mai amfani, wadda a yau take fuskar wayoyin hannu masu yawa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ahmed Zewail na Masar ya yi digirinsa a Iskandariya, amma lambar Nobel ta 1999 ta same shi ne a Amurka, inda kayan aiki suke.

Saboda haka abu uku ke gaban TETFund da Ma'aikatar Ilimi. Na farko, wuta mai ɗorewa a ɗakin gwaji, domin kiristal na ɗaukar makonni yana girma, kuma sauyin zafi na lalata shi. Na biyu, tallafin bincike na shekara biyar maimakon na shekara guda. Na uku, kuɗin gyara da horar da ma'aikatan fasaha a cikin kowace kwangilar sayen na'ura. Sabon gini ana yanke masa kyalle a ɗauki hoto, na'urar auna haske kuwa ba ta tara jama'a, amma ita ce za ta sa jami'ar Bauchi ta amsa sunanta.