A Bar Yara Su Ɗauki Hoton Rumbunan Da Suka Mutu



Kwanan nan surutu ya yi yawa a majalisu kan samarin da ke ɗaukar waya da kyamara suna zagaya tsofaffin sito-sito da rumbunan hatsi da aka yi watsi da su, suna ɗaukar hoto. Wasu dattawanmu sun ce shashanci ne. Wasu sun ce tona asirin ƙasa ne. Waɗanda suka fi ba ni mamaki su ne masu cewa wai mu Afuno baƙi ne, me ya haɗa mu da kangon gwamnati a ƙasar Barno, mu ci kasuwarmu mu yi shiru. To ni dai, da girmamawa, ban yarda da ko ɗaya ba.

Mu fara da dalar gyaɗa ta Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, su Alhassan Ɗantata suka shiga sayen gyaɗa, har aka riƙa jera buhu kusan 15,000 a dala guda. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, cuta ta faɗa wa gonakin gyaɗa a 1975, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Yau wa zai nuna maka dala ko guda? Da ba don wasu sun tsaya sun ɗauki hoto ba, wallahi da yaran yanzu sun ce tatsuniya ce. Wanda ya ɗauki hoton nan a wancan lokaci, shi ma shashasha ne?

Mu dawo gida. Layin dogo ya iso Maiduguri a 1964, kuma da yawa daga cikin iyayenmu da kakanninmu hanyar kasuwancin da ya buɗe ce ta zaunar da su a nan: gyaɗa, gero, wake, fata, busasshen kifi. Je ka tashar yanzu ka ga yadda ciyawa ta cinye dogo, duk da bikin fara gyaran layin da aka yi a 2021. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, mai hedikwata a garin nan, aka yi shirin noman alkama da shinkafa a hekta dubbai wajen Marte. Tafki ya ja baya, magudanai suka bushe, daga baya rikici ya kori manoma. Wannan tarihin cikinmu ne, domin duk abin da ya kashe rumbu shi ke tayar da farashin mudu. Wanda aka haifa a Umarari, ya yi makaranta a nan, ya kwana cikin fargaba tare da kowa, ruwan Alau ya ci kayansa a Satumbar 2024 tare da na maƙwabcinsa Babarbare, ba za a ce masa baƙo ba ranar da zai yi tambaya.

Ga abin da ya fi ƙona min rai a matsayina na ɗan ɗan kasuwa. Duk sanda hatsi ya yi tsada, yatsa kanmu yake juyowa: 'yan kasuwa sun ɓoye abinci. A Fabrairun 2024 har rufe sito-sito aka yi a kasuwar Dawanau ta Kano bisa wannan zargi. Ban ce babu maɓoya ba, akwai su, kuma Allah Ya shirye su. Amma gwamnatin tarayya ta gina rukunin manyan rumbuna 33 a faɗin ƙasa, masu iya ɗaukar fiye da tan miliyan 1, ta ba 'yan kwangila hayar akasarinsu a 2018. Da yunwa ta matsa a 2024, tan 42,000 aka ba da umurnin fitarwa, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Aikin rumbu shi ne a saya da kaka lokacin araha, a fitar da bazara lokacin tsada. Idan rumbun hukuma fanko ne, dole kasuwa ta yi yadda ta ga dama. Hoton rumbu mai tsatsa shaida ne a hannun ɗan kasuwa, me zai sa mu hana a ɗauka?

A birnin Buffalo na Amurka, inda aka fara gina irin waɗannan dogayen rumbuna a 1842, sun mutu ne bayan an buɗe wata sabuwar hanyar jiragen ruwa a 1959, hatsi ya daina bi ta garin. Su yanzu yawon buɗe ido suke kai mutane wurin. Sai dai su hatsinsu hanya kawai ya sauya, namu kuwa cikin talaka ne ya ji a jikinsa.

Don haka ku ma samari ina da magana da ku. Kango ba wurin gwada sabuwar shadda da tabarau ba ne. In za ka ɗauki hoto, ka rubuta sunan wurin da ranar da ka je. Ka nemi tsohon lebura ko maigadi, ka gaishe shi, ka ce Baba, me ake zubawa a nan da, yaushe mota ta ƙarshe ta yi lodi? Ka nemi izinin jami'an tsaro kafin ka ɗaga waya, kun san halin garinmu, kuma kada kowa ya kama hanyar Marte don hoto. Kada ka hau tsani mai tsatsa. Sannan lokacin zaɓe, in ɗan takara ya zo da alkawarin sabon rumbu, ka nuna masa na jiya ka tambaye shi wa ya kashe wannan.

Dattawa, ku yi haƙuri, a bar yara su ɗauka. Allah Ya ba mu damina mai albarka da shugabanni masu tausayi, amin.