ƊANMU YA JE YA KOYO, AMMA YA DAWO

Ƴan'uwa talakawa na Madarunfa da kasuwannin kewaye, a ji wannan magana da kyau.

Tura yaro karatu ƙasar waje ba yau muka fara ba. Djibo Bakari da Diori Hamani a makarantar William Ponty ta Senegal suka yi karatu. Bayan an hana Sawaba a 1959, samari da yawa sun bi ta Bamako da Akara zuwa Mosko da Jamus ta Gabas.

Ga gargaɗinmu. Yaron da ya sauka gidan Bature, ya girmama mai masaukinsa, ya koyi harshensa, ya ci abincinsa in ba haram ba. Amma kada ya ji kunyar tuwon gero da sallarsa. Baƙo raɓa ne.

Ku dubi Abdu Mumuni na Tasawa. Ya yi karatu a Faris, a 1969 ya dawo ya shugabanci aikin wutar rana a Yamai. Haka muke so.

Harajin manomi ne ke biyan karatun nan. Wanda ya ƙi dawowa ya ci amanar talaka. Kowace ƙungiya ta karanta wannan a taronta.