Mu Adana Muryoyin Masu Ishiriniya

Ranar kasuwar da ta wuce, babana ya aike ni rumfar mai cajin waya in sa a tura masa karatu a kati. Samari takwas na tarar a gabana, kuma kowannensu waƙar fim ko ta soyayya ya ce a zuba masa. Da layi ya zo kaina na tambayi mai rumfar ko yana da Ishiriniya. Ya daɗe yana lalube a kwamfutarsa kafin ya samo guda ɗaya, ya ce rabon da a tambaye shi ita tun watan Maulidi. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami domin in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da kuma iyayenmu.

Ra'ayina shi ne, ya kamata mu riƙa sauraron waƙoƙin addini waɗanda jama'a ke rerawa tare, mu kuma naɗi muryoyin dattawanmu da suka iya su tun suna raye. Dalilina kuwa ɗaya ne: takarda tana ajiye baiti, amma ba ta ajiye murya.

Bari in ba da misali daga gidanmu. Lokacin da nake ƙarami, da watan Rabi'ul Awwal ya kama, dattawa goma sha biyu ke taruwa a zauren kakana bayan sallar lisha. Ɗaya ya ja baiti, sauran su karɓa gaba ɗaya, har mutum ya ji kamar zauren ne ke motsi. Kakana ya taɓa naɗar su a kaset, amma rediyon ya cinye zaren tun kafin in shiga sakandare. Yau mutum huɗu suka rage. Littafin da suke dubawa yana nan cikin gafaka, ko shafi ɗaya bai ɓace ba. To amma ranar da na buɗe shi na ce zan rera, sai na tsaya cik, domin karin muryar ba ya cikin littafin. Yana maƙogwaron mutum huɗun nan ne.

Turawa sun samo wa wannan matsala magani tuntuni, domin suna da alamomin da suke rubuta hawa da saukar murya. Wani Bajamushe mai suna Handel, wanda ya zauna a Ingila, ya tsara doguwar waƙar addinin Kirista a kan Almasihu a 1741, aka fara rera ta a birnin Dablin a 1742. Har yanzu ƙungiyoyin mawaƙa suna rera ta daga takardar da ya bari. Mu kuwa daga kunne zuwa kunne muka gaji namu. Saboda haka idan aka sami tsara ɗaya da ba ta saurara ba, igiya ta tsinke ke nan.

Ga waɗanda nake ba da shawara a nema. Ta farko ita ce Ishiriniya, waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Alfazazi, wani malamin Andalus wanda ya rasu a 1230, shi ya wallafa ta, sa'an nan Ibnu Mahibu ya yi mata tahamisi. An tsara ta bisa haruffan Larabci, kowane harafi da baiti 20, abin da ya sa ake ce mata Ishiriniya ke nan. A nemi wadda taron malamai suka rera, domin a nan ne daɗinta yake fitowa sosai.

Na biyu, waƙoƙin gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne gare su, tun da ɗansa Muhammadu Buhari a Tambuwal ya zauna, nan kusa da mu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ita ce kuma ta mai da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Da irin waɗannan waƙoƙi ta karantar da matan ƙauye. Jajoji sukan jagoranci 'Yan Taru su je wurinta su hardace, su komo gida su koya wa sauran mata ta hanyar rerawa tare. An tattara ayyukanta an buga a littafi ɗaya a 1997, amma yadda tsofaffin mata ke rera su, sai a bakinsu.

Ta uku ita ce Infiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990. Makaho ne, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa saboda hikimarsa. Duk wanda ya taɓa jin makafi suna rera ta a kasuwa, ɗaya na ja sauran na amsawa, ya san yadda take sa jiki ya yi sanyi, mutum ya tuna da lahira.

Sai dai ba kowace naɗa ce abar saurare ba. Da farko a duba ko kalmomi suna fita sarai. Idan ba ka iya rarrabe baiti da baiti, ba ka ƙaru da komai ba. Sa'an nan a lura da 'yan amshi: masu kyau tare suke shiga, tare suke fita, babu mai tsere wa ɗan'uwansa. A kuma guji wadda fiyano ya danne muryoyi, ko wadda aka bi da muryar ta cikin na'ura har ba ka san ta mutum ba ce. Daga ƙarshe, a kai wa malami ya ji, domin akwai masu bege da sukan wuce gona da iri. In da hali a saurara da littafi a hannu, ido na bin abin da kunne ke ji.

Na san wasu iyaye za su ce waya ita ce ta lalata yara. Suna da gaskiyarsu, amma waya kamar ƙwarya ce, abin da aka zuba mata shi za ta ɗauka. Na kuma san malamai sun saɓa a kan bikin Maulidi da buga bandiri. Wannan ya fi ƙarfin ɗan makaranta irina, kowa ya bi abin da iyayensa da malamansa suka ɗora shi a kai. Abin da nake magana a kansa muryoyi ne zalla, masu ɗauke da wa'azi da tarihi da Hausa mai zurfi, wadda har a jarrabawa za ta taimake mu.

Don haka ina roƙon ƙungiyar Hausa ta makarantarmu ta ɗauki wannan aiki a hutu mai zuwa. 'Yan cikin garin Kebbe da na Kuchi da sauran ƙauyuka, kowa ya nemi izinin dattawan unguwarsu ya naɗi muryarsu. 'Yan mata su zauna da kakanninsu mata, su da ke iya shiga cikin gida. A rubuta sunan waƙa da na gari da ranar da aka naɗa, a kuma ajiye a wuri biyu don kada a maimaita abin da ya sami kaset ɗin kakana. Iyaye kuma su taimaka da aron waya na dare ɗaya.

Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ni dai na riga na yi magana da dattawan nan huɗu, sun kuma yarda in zo daren Juma'a da wayar babana. Allah ya ƙara musu lafiya, ya sa mu gaji abin da suka gada, amin.

Ɗan aji biyar, Kebbe